Ganyen Gawo a Tsakiyar Rani: Murnar Yau da Kullum a Imanin Kirista

Akwai abubuwan da ake iya umartar mutum da su, akwai kuma waɗanda hankali ke cewa umarni ba ya kaiwa gare su. Ana iya ce wa yaro ya tashi ya tafi makaranta, ana iya ce wa magidanci ya biya haraji, amma da wuya a ce wa wanda zuciyarsa ta yi nauyi ya yi murna, shi kuwa ya yi. Duk da haka addinin Kirista ya sa murna cikin abubuwan da ake nema daga mai bi. Manzo Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, da ya zo lissafa halayen da Ruhun Allah ke haifarwa a cikin mutum, ya sa farin ciki a matsayi na biyu, ƙauna kaɗai ke gabansa, haƙuri kuwa sai a na huɗu. Ga Bahaushe wannan jeri abin a tsaya a duba ne, domin a wurinmu haƙuri shi ne sarkin halaye, shi ne maganin zaman duniya. Laccar nan ta Anthony Kirk-Greene da aka buga a 1974 da sunan Mutumin Kirki, wadda malaman Hausa da yawa suka yi karatu da ita, ta jera halaye 10 na mutumin kirki a idon Bahaushe, daga gaskiya da amana har zuwa adalci. Haƙuri na ciki, kunya na ciki, murna ba ta ciki. Ba laifin mai laccar ba ne, abin da ya tarar ya rubuta. Mu murna ba mu ɗauke ta hali ba, mun ɗauke ta baƙuwa ce mai zuwa ranar suna ko ranar Salla, ta sha fura ta koma.

Tambayar da nake son mu bi sawunta ita ce: me Kirista ke nufi idan ya ce murna tana cikin imaninsa, har a ranar da babu biki, kuma ko wannan magana tana iya tsayawa da ƙafarta a wuri irin Sassumbrum, inda rayuwa ba ta yi wa kowa sassauci ba?

Kafin nan sai mun rarrabe kalmomi, domin harshenmu ya yi arzikinsu a wannan fage. Jin daɗi na jiki ne da abin da ya samu: inuwa bayan noma, rake mai sanyi daga fadamun Korama, tuwo da miya mai mai. Nishaɗi da raha na zaman hira ne, suna tashi idan taro ya watse. Fara'a kuwa ta fuska ce, haƙƙi ce da baƙo ke da shi a kanmu, shi ya sa aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ana iya yin ta ko da ciki na tafasa. Farin ciki, kamar yadda sunan ya nuna, yana can inda ido ba ya gani, kishiyarsa baƙin ciki. Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, da murna da farin ciki suka riƙa aiki, kuma a kansu maganarmu take. Sauran ukun ana iya sayen su ko a aro su. Wannan na huɗun ba ya kasuwa.

Sassumbrum gari ne na manoma a gundumar Magarya, jihar Damagaram, dab da iyakar Nijeriya ta wajen ƙasar Daura. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su ne abin dogaro, sai kiwo da ɗan fataucin kan iyaka, wanda kowa ya ga yadda yake shaƙewa a lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Kiristoci a nan ƴan ƙalilan ne, kamar yadda suke a ƙasar baki ɗaya, inda ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Amma ba baƙin jiya ba ne. Mishan ɗin SIM ya sauka Zindar a 1924, daga baya ya kafa tasha a Dungas, maƙwabciyar Magarya, kuma daga aikinsa ne Ikilisiyar Bishara ta Nijar, EERN, ta fito a farkon shekarun ƴancin kai. Kiristan wannan yanki, ko ɗan ƙasa ne da kakansa ya karɓi bishara, ko malamin lakwal ko ma'aikacin lafiya da aiki ya kawo, rijiya ɗaya yake sha da maƙwabcinsa Musulmi, ruwan sama ɗaya suke jira, kuma tiyar gero ba ta rage masa kuɗi saboda addininsa. Saboda haka idan yana da wata magana a kan murna, dole maganar ta iya jure farashin tiya a watan Agusta.

Ga kuwa babbar tuhuma. A ƙarshen daminar 2018 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ke aiki a sashen yara na asibitin Magarya tun 2005, ta ba da sanarwar cewa kimanin yara 10 ke mutuwa a kowace rana a wannan sashe, yawancinsu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Wannan fa a watannin da gonaki suka fi kyan gani, gero ya fitar da kai, amma rumbunan bara sun daɗe da zama fayau. Wanda ya san wannan lissafi yana da haƙƙin ya tambaya: da wane baki za a yi wa uwar da ke zaune a bakin gadon nan wa'azin murna? Malamanmu da suka yi gwagwarmayar ƙungiyoyin ƙwadago sun san amsar da Karl Marx ya bayar tun a ƙarni na 19, inda ya kwatanta addini da abin sa maye da talaka ke sha don ya manta da ciwonsa. A wannan fahimta, murnar mai bi banju ce: tana kashe zafi, ba ta warkar da miki, kuma mai mulki ne ke cin ribarta, domin wanda aka koya wa murna da ƙanzo ba zai tambayi inda tuwon ya tafi ba. Ba na ganin ya kamata Kirista ya yi saurin kawar da wannan tuhuma. An sha yin amfani da addini haka, a Turai da Afirka, kuma ana yi har gobe.

Sai dai a duba su wa suka rubuta maganar murnar, kuma a ina. Wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa gajera ce, babi 4 kacal, amma kalmar murna da danginta sun fito a cikinta fiye da sau 10, kuma a kurkuku ya rubuta ta, bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba. Littafin da ya ƙunshi wannan wasiƙa shi ne kuma ya ƙunshi Ayuba, da littafi guda sukutum mai suna Makoki, da zabura masu yawa waɗanda kuka ne da ƙorafi a gaban Allah ba tare da sakaya ba. Linjilar Yahaya ta nuna Yesu yana zubar da hawaye a kabarin abokinsa Li'azaru. Addinin da ke son ya bugar da mutane ba zai ajiye musu waɗannan shafuka ba.

Wanda ya fi warware mini wannan ƙulli shi ne Toma ɗan Akwino, malamin tauhidin Kirista da ya rasu a 1274. A ganinsa murna ba wata daraja ce mai zaman kanta ba, ɗiyar ƙauna ce. Mutum yana murna saboda abin da yake ƙauna yana kusa da shi, ko saboda abin yana cikin alheri, kuma yana baƙin ciki saboda abin ya yi nisa ko ya shiga wahala. Wato ke nan murna da baƙin ciki uwa ɗaya suka sha. Uwar nan da ke kuka a asibitin Magarya ita ce za ta yi guɗa ranar da yaron ya karɓi cokalin koko, kuma abin da ya sa ta kuka shi ne zai sa ta guɗa. Wanda bai damu da yaron ba, ba shi da kukan, ba shi da guɗar. Idan haka ne, kishiyar murna ta gaskiya ita ce mutuwar zuciya, wato halin ko-in-kula, kuma ita ce ainihin banjun da ya kamata a ji tsoro. Abin da Kirista ya ƙara a kan wannan shi ne imaninsa cewa babban abin ƙaunarsa, Allah, ba ya nisa kuma ba ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, saboda haka akwai wani kaso na murnarsa da fari ko rufe iyaka ba sa iya taɓawa, ko da sun taɓa duk sauran.

Ƙasar Magarya tana da itacen da ya fi kowane malami iya bayyana wannan. Kowa ya san gawo da halinsa na saɓa wa sauran itatuwa: da damina, sa'ad da kowane tsiro ke ado, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, har Bahaushe na yi masa tsiya cewa ya ƙi ruwan Allah. Da rani kuwa, lokacin da ƙasa ta yi fari fat, sai ya yi kore shar, ya ba da inuwa, ya zubo wa awaki da tumaki ƴaƴansa a daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Sirrin yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarsa tana nutsawa da nisa har ta kai ga ruwan da ba ya jiran hadari. Kuma saboda ba ya rufe rana da damina, ga ganyen da ya zubar ya zama taki, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kyau, abin da manoma suka sani tun kafin masana su zo su auna. Jin daɗi ciyawar damina ce, tana zuwa da ruwa ta tafi da shi, kuma ba abin rainawa ba ce, dabba na ƙiba da ita. Murnar da ake magana a kanta irin ta gawo ce: ba ta bin kalandar sama, kuma an fi gane amfaninta a lokacin da babu wani kore a kusa.

Labarin gawo bai tsaya ga misali ba, yana da amsa ga masu cewa murna tana kashe himma. Bayan farin 1973 da na 1984 an yi zaton hamada ta ci wannan yanki. Amma daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Magarya da Matamaye da Mirya, waɗanda kusan dukansu Musulmi ne, suka shiga barin tsiron gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, suna yi musu aski maimakon sare su, har masu bincike suka zo a 2006 suka tarar da kurmi a inda ake tsammanin rairayi. An ƙiyasta cewa a faɗin kudancin Nijar an farfaɗo da kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 ta wannan hanya. A ɓangaren Maraɗi kuwa wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda dashen itatuwansa ya yi ta mutuwa, a 1983 ya lura cewa ƴan tsirran da ake ɗauka ciyayi ne a gonaki, rassa ne da ke fitowa daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai. Ba a kawo komai daga waje ba. Abin yana nan, ana taka shi kowace safiya, idon ganinsa ne ya yi ƙaranci. A nawa ganin, aikin farko na murna ke nan: tana gyara ido. Wanda ya yanke ƙauna yakan dubi gona ya ce ba komai, ya sa gatari ya share ɗan abin da ya rage. Wanda ya saba da lura da ƙaramin alheri shi ne zai durƙusa ya ga tsiron.

Dole a nan a raba wannan koyarwa da wata mai kama da ita, wadda ta daɗe tana ƙetaro iyaka ta rediyo da kaset, yau kuma ta wayar hannu. Ina nufin wa'azin arziki, mai cewa alamar imani ita ce mota da gida da lafiyar da ba ta gocewa, wanda kuma ya rasa su to bangaskiyarsa ce ta gaza ko baikonsa ya yi kaɗan. Masu wannan wa'azi sun fi kowa ambaton murna, sun fi kowa kiɗa da tsalle. Amma murnarsu ta gobe ce, ta ranar da mu'ujiza za ta sauka, yau kuwa ɗakin jira ne kawai. Manomin da ya saurare su ya koma ya dubi damin geronsa 30, abin da a da yake gode wa Allah a kansa, sai ya ga shaida ce a kan gazawarsa. An ƙwace masa ɗan abin da yake da shi, an ba shi hange. Ni ban san wata sata da ta fi wannan muni ba a cikin sha'anin addini.

Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa abincin yini ɗaya ta roƙa. Tushen wannan yana cikin labarin da Musulmi da Kirista duka suka sani, na mannu da aka saukar wa Bani Isra'ila a jeji: kowa ya tara na ranarsa, wanda ya ɓoye don gobe sai ya tarar ya yi tsutsa, in ban da jajiberen ranar hutu. Manomi na iya cewa wannan ba da shi ake ba, domin shi da ke girbi sau ɗaya a shekara, in bai yi rumbu ba ya kashe iyalinsa. Gaskiyarsa. Kuma littafin da ya kawo labarin mannu shi ne ya kawo na Yusufu, wanda ya tara hatsin shekara 7 ya ceci Masar. Abin da ake hana ɓoyewa ba hatsi ba ne. Akwai mutumin da ke zuba murnarsa a rumbu tare da gero, yana cewa sai yaro ya ci jarrabawa, sai an aurar da yarinya, sai an biya bashin taki, sannan zai buɗe ya ɗiba. Ran da ya buɗe sai ya tarar ta yi tsutsa, domin ita ba ta kwana. Yaron da yake jira ya girma ya riga ya girma ya tafi Kano ko Agadas, shekarun da yake rarrafe a tsakar gida kuwa ba wanda ya tsaya ya kalle su. Gero ana ajiye shi. Hasken safiyar yau a kan gonar, da dariyar da aka yi a bakin rijiya, da ɗanɗanon furar da aka dama da sabon nono, in ba a karɓe su a yau ba, babu inda za a same su.

Tsofaffin masu ibada na hamadar Masar sun san cutar da ke hana wannan karɓa. Ɗaya daga cikinsu, Ifagiriyus, wanda ya rasu a 399, ya kira ta aljanin tsakar rana. Ya ce takan kama mai ibada daga hantsi zuwa azahar: sai ya ga rana ta ƙi tafiya, ya riƙa leƙe ta taga, ya tsani wurin da yake da aikin da ke hannunsa, ya tabbatar wa kansa cewa a wani wuri ne rayuwa take. Duk malamin da aka taɓa turawa ƙauye mai nisa, ajinsa na zana, albashi ya makara, ya san wannan aljani ko bai san sunansa ba. Samarinmu da ke kwana a fada suna jiran shayi na uku su ma sun san shi. Ba ina cewa duk mai barin gida wannan cuta ce ta kore shi ba. Mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013, yawancinsu mata da yara daga wajen Kance, yunwa ce ta tashe su, kuma duk wanda ya yi musu wa'azin wadar zuci ya yi zalunci. Amma akwai mai zaune da ƙoshinsa wanda zuciyarsa ta riga ta yi ƙaura. Maganin da masu ibadar nan suka ba da ba shi da armashi ko kaɗan: ka zauna a ɗakinka, ka gama igiyar da ka fara tufkawa, ka yi addu'ar lokacinta. Murna takan dawo ta hanyar aikin hannu da aka yi da kula.

Majami'ar Katolika ta Zindar tana ɗauke da sunan wata da ta mai da wannan hanya ta zama dukan rayuwarta, wato Tereza ta Liziye, ƴar Faransa da ta shiga gidan masu ibada tana da shekara 15, ta rasu da tarin fuka a 1897 tana da 24. Ba ta yi wani aikin da tarihi zai rubuta ba. Abin da ta bari shi ne labarin yadda ta koyi karɓar ƙananan abubuwa da ƙauna: ƴar'uwar da ke fantsama mata ruwan wanki a fuska, da wadda ƙaramar ƙararta ke hana ta natsuwa a wurin addu'a. Watanni 18 na ƙarshen rayuwarta kuwa ta yi su ne cikin duhun zuciya, tana fama da shakka a kan lahirar da ta sadaukar da komai dominta, amma waɗanda ke jinyarta sun shaida raharta. A 1927 aka naɗa ta majiɓinciyar aikin mishan, ita da ba ta taɓa fita daga gidan ibadarta ba. Wannan majami'a mai sunanta tana cikin waɗanda aka ƙona ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, a tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, wadda ta fara a Zindar ta kai Yamai washegari, ta ci rayuka 10. Ɗaruruwan Kiristocin Zindar sun kwana a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. Waɗanda suka koma suka ci gaba da taruwa ran Lahadi a cikin bangayen da suka yi baƙi, suna rera waƙoƙinsu, ba mantuwa suka yi ba, kuma ba wanda zai ce ba su san zafi ba. Sun ƙi yarda ne wanda ya ƙona ginin ya zama shi ne mai yanke musu yadda zuciyarsu za ta kasance. Irin wannan murna tana da taurin kai a cikinta, kuma tana da amfani ga gari duka, domin zuciyar da ta riƙe ta ba ta da wurin ajiye ramuwa.

Wani abin lura shi ne murnar Linjila ba ta iya zama ita kaɗai. A misalan Yesu, macen da ta ɓatar da kuɗinta ta share ɗaki ta same shi, abin da ta fara yi shi ne kiran maƙwabta. Makiyayin da ya tsinci tunkiyarsa haka. Alamar farko da Linjilar Yahaya ta ba da labari a gidan biki aka yi ta, a Kana, don kada masu aure su ji kunyar baƙinsu. Wannan ya dace da abin da muka gada, mu da muke cewa zumunta a ƙafa take. Kwanon shinkafa da ke fita daga gidan Kirista ran Kirsimeti, da tsokar layya da ke shigowa gidan ran Babbar Salla, sun yi wa zaman lafiyar ƙasar nan aikin da tarukan manyan otal ba su yi ba. Kuma Musulmin da aka tambaya ina aiki ya ce da godiya, aka tambaye shi ina ruwa ya ce ya yi gyara, ko da rufin ɗakinsa ruwan ya kayar, ba baƙo ba ne ga abin da nake faɗa. Shukura a wurinsa ibada ce. Inda Kirista ya sha bamban shi ne dalilin da yake kafawa: ya yi imani cewa Allah ya shigo cikin rayuwar yau da kullum da kansa, ya yi shekaru yana sassaƙa a wani ƙaramin gari da ba a san shi da komai ba, ya ci ya sha da mutane, saboda haka babu wani aiki ko wata rana da ta yi ƙanƙanta da a same shi a cikinta. Musulmi ba zai karɓi wannan dalili ba, kuma ba a neman ya karɓa kafin a ci abinci tare.

Mishan na farko ba su gane wannan da wuri ba, ta fuskar al'ada. Sun yi ɗari-ɗari da ganga da rawa, suna ganin bori a bayan kowane kiɗa, suka kawo waƙoƙin Turai da aka sa wa kalmomin Hausa. Matan majami'a ne, ta ƙungiyarsu ta Zumuntar Mata, suka shigo da tulu da ƙwarya da caki da amshi irin na daka da na daɓe, har murnar ta sami muryar gida. Duk wanda ya taɓa jin su ya san cewa yawancin masu waƙar nan sun binne ɗa ko ƴa.

A nan ne kuma haɗari yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Abin da aka ce ɗiyar ƙauna ce ana iya mai da shi bulala. Akwai mai wa'azin da zai ce wa matar da mijinta ke duka ta yi murna cikin Ubangiji ta koma ɗakinta. Akwai dattijon da zai ce wa gwauruwa kukanta ya yi yawa, kamar ba ta da bege. Akwai shugaban makarantar da zai ce wa malamin da bai ga albashi ba wata uku ya gode wa Allah da ya sami aiki. Duk waɗannan sun ɗauki maganar da mutum ke faɗa wa kansa sun mai da ita abin rufe bakin wani, kuma a kansu tuhumar Marx ta faɗa daidai. Bulus da ya yi maganar murna daga kurkuku shi ne ya tsaya a Filibi ya ƙi fita a ɓoye bayan an yi masa bulala ba bisa doka ba, sai da mahukuntan garin suka zo da kansu suka ba shi haƙuri. Shi ne kuma ya umarci masu bi su yi kuka tare da masu kuka. Saboda haka idan an je gaisuwar mutuwa, abin da ake bukata shi ne a zauna a tabarma a yi shiru, a kawo itace da ruwa, a ɗora tukunya, a kama wa mamacin gonarsa in damina ce. Murna za ta dawo gidan da ƙafarta, wataƙila ran da jaririn da aka bari ya fara tafiya, kuma ba mai gaisuwa ne zai sa mata rana ba.

Bayan kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, majami'un karkara sukan yi ranar godiya. Kowa ya kawo daga abin da gonarsa ta ba shi a ajiye a gaba: mai dami ya kawo dami, mai kwanon wake ya kawo, wata tsohuwa ta kawo kabewa ɗaya ko ƴar gyaɗa a ƙullin zane. Ana yin wannan a shekarar da aka cika rumbu, ana kuma yin sa a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, sai dai tarin ya ragu. Daga nan a raba: wani a sayar don hidimar majami'a, wani a ba mai wa'azi, wani a ɗaga wa gwauraye da marayu. A daidai wannan lokaci ne iskar hunturu ke fara busar da ciyawa, matasa ke ɗaure kayan cin rani, gawon da ke gonakin Sassumbrum kuma yake cika da sabon ganye.